Mayen ƙarfe mai gadin batir

Hausawa sun ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. To ashe maganar ba ta kifi kaɗai ba ce, har mota ta shafa. Kowa ya san tafiya mai nisa da mugunyar hanya suna tsofar da mota, amma kaɗan ne sunka lura cewa ajiya ma tana kashe ta, kuma daga batir take soma kisan. Abin mamaki, motocin da wannan ciwo ya fi kamawa su ne mafi tsada a duniya, wato motocin tsere irin su Porsche ta Jamus da Ferrari ta Italiya. Mai irin wannan mota ba ya zuwa kasuwa ko wurin aiki da ita. Yakan fito da ita ran hutu, ya zaga, ya maida ta gareji. In sanyin Turai ya shigo, sai ta yi wata uku ko huɗu ba a taɓa ta ba. Ran da ya zo da ɗoki ya murɗa makulli, sai ta yi masa shiru.

Maganin da masu waɗannan motoci sunka samo shi ne zancenmu na wannan mako: wani ɗan mahaɗi ne mai mayen ƙarfe, wanda faɗinsa bai fi na babban kwabo ba, ana dasa shi a jikin mota domin a riƙa ba batir wuta ba tare da an buɗe komi ba. Na san masu karatunmu ƙalilan ne za su taɓa mallakar Porsche. Amma batirin da ke cikinta ɗan'uwan wanda ke cikin Toyota da Peugeot ɗinmu ne, ciwonsu ɗaya, maganinsu ɗaya.

Ɓarayi biyu a cikin gareji

Batirin dalma da ruwan asid da mafi yawan motoci ke aiki da shi, wani Bafaranshe ne mai suna Gaston Planté ya ƙago shi a shekarar 1859, kuma har gobe tushen aikinsa bai sake ba. Ɗakuna shida ne a cikinsa, kowane na ba da bolt 2,1 ko kusa da haka. Saboda haka batirin da ake kira mai bolt 12, in ya cika ya huta, yakan nuna kamar 12,6 a ma'auni. In ya sauka zuwa 12,4 ya soma jin yunwa. In ya kai 12,0 to fiye da rabin ƙarfinsa ya tafi, ko da kuwa fitilu na kamawa.

Ɓarayi biyu ne ke shiga wannan rumbu in mota na ajiye. Na farko na cikin gida ne: kowane batir yana zubar da wutarsa sannu a hankali ko ba a haɗa shi da komi ba, kuma zafi na ƙara wa wannan zuba sauri, har takan kusa ninkawa duk lokacin da zafin ya ƙaru da digiri 10. Na biyu shi ne motar kanta. Motar zamani ba ta barci duka. Agogo, da ƙararrawar ɓarayi, da na'urar da ke jiran saƙon makulli daga nesa, da ƙwaƙwalwar inji, duk suna tsotson wuta dare da rana. Tsotson ba shi da yawa, yawanci tsakanin miliamper 20 zuwa 50 ne. Amma ɗan kasuwa ya san yadda ƙaramar ɓarna ke cinye uwar kuɗi. Mu buga lissafi: miliamper 50 cikin awa 24 ya ba da amper-awa 1,2 a yini. A kwana 30 ya zama 36. Batir mai ɗaukar amper-awa 70 ya rasa rabinsa ke nan cikin wata guda, ba a ko taɓa motar ba.

Da a ce ɓarnar ta tsaya nan, da da sauƙi, sai a sake cikawa. To amma batirin dalma ba ya yafe yunwa. In wutarsa ta sauka, wani farin gishiri yakan kwanta a kan faya-fayan dalmar da ke ciki. In anka cika shi da wuri, gishirin ya narke ya koma cikin ruwa. In anka bar shi makonni, sai ya daskare ya yi tauri, wurin da ya rufe ya daina aiki. Shi ya sa za ka ga batirin da ya mutu sau biyu ko uku, ko an kai shi caji ya kwana, ba ya ƙara riƙe wuta kamar da.

A wasu motocin tsere kuma, mutuwar batir na zuwa da wata fitina ta daban. Ɗauki Porsche 911 irin wadda anka ƙera tsakanin 2004 da 2012. Injinta na baya, batirinta na gaba, cikin akwatin kaya, kuma murfin akwatin da wutar lantarki yake buɗewa. In batir ya mutu murfi ba ya buɗuwa, in murfi bai buɗu ba ba a kai ga batir. Makullin ɗaki na cikin ɗaki ke nan. Kamfanin ya tanadi wani jan ƙarfe a cikin akwatin fizibil, kusa da inda ake sa ƙafa ta hannun hagu, wanda ake jawowa a haɗa masa wani batir daga waje kafin murfin ya saki. Wanda ya sha wannan wahala sau ɗaya ba ya son ta biyu.

Caja mai haƙuri, da igiyarta mai hatsari

Rigakafin an daɗe da saninsa: ƙaramar caja mai lura, wadda ake barin ta haɗe da batir muddin mota na ajiye. Ta bambanta da babbar cajar masu cajin batir na bakin tasha, wadda ke tura wuta ba tsayawa har ruwan batir ya tafasa in ba a cire ba. Ita wannan takan cika batir zuwa wajen bolt 14,4, sa'an nan ta sassauta ta riƙe shi a wajen 13,6, ko ta tsaya tana auna shi, in ya ɗan sauka ta ƙara masa. Kamfanin CTEK na ƙasar Suwidin, wanda anka kafa a 1997, ya yi suna a kan irin wannan caja, har manyan kamfanonin motocin tsere sukan sayar da tasa da tambarinsu a jiki. Mai amper 5 ta isa mota: batirin da ya rasa rabinsa takan maido shi cikin dare guda.

Matsalar tana ga igiyar. In da maƙalai masu baki kamar na kada za a haɗa, dole a bar murfi a buɗe, ƙura da ɓera su samu hanya. In ta ramin kunna taba za a bi, wayar ta ratsa ƙofa ko taga, robar ƙofa ta matse ta, kuma wasu motoci na yanke wutar wannan rami jim kaɗan bayan an kashe inji. Sa'an nan ga babbar matsala, wadda ke tattare da ɗan Adam: mantuwa. Mutum ya fito da gaggawa, ya tada mota, ya ja da baya, caja na haɗe. Ko waya ta tsinke, ko caja ta biyo mota tana jan ƙasa, ko a tumɓuke soket daga bango, ko tsinkakkiyar waya ta taɓa ƙarfe ta yi tartsatsi kusa da batir.

A nan ne mayen ƙarfe ya shigo. Mahaɗin gida biyu ne. Ɗaya a kafe yake a jikin mota, fuskarsa a shafe, ba rami ba tsini. Ɗayan yana bakin wayar caja. Da ka kusanto da su sai su cafke juna da kansu. In ka ja da ƙarfi, ko ka manta ka tada mota, sai su rabu, wayar ta faɗi ƙasa, babu abin da ya karye. Masu aiki da kwamfuta sun san dabarar, domin kamfanin Apple ya sa irinta a kwamfutocinsa na hannu a 2006 da sunan MagSafe, don kada wanda ya yi tuntuɓe da waya ya jawo kwamfuta ƙasa. Abin da ya sa ta yiwu shi ne mayen ƙarfe mai ƙarfin gaske na sinadarin niyodimiyom, da anka gano a farkon shekarun 1980, wanda ɗan guntunsa ke riƙon abin da ya ninka shi nauyi sau da yawa.

Wanda ya fi yaɗuwa a motoci shi ne MagCode na kamfanin Rosenberger na Jamus. Yana da hikima biyu da ya kamata a sani. Ta farko, fuskar da ke jikin mota ba ta da wuta muddin abokiyarta ba ta manne ba. Mayen ƙarfen da ke bakin waya shi ke jawo makunnin da ke ciki. Saboda haka ko yaro ya ɗora ƙusa ko makulli a kai, ba abin da zai faru. Ta biyu, an jera mayen ta yadda na bolt 12 ba ya karɓar na bolt 24 irin na manyan motoci. Ferrari kuwa, a motarta mai lamba 488 da ta fito a 2015, tun daga masana'anta ta dasa mahaɗi mai mayen ƙarfe kusa da allon lamba na baya. Masu tsofaffin motocin da ba su zo da shi ba su ne ke dasawa da kansu.

Yadda ake dasa shi

Aikin ba ya wuce awa biyu ko uku ga wanda ya san wutar mota, kuma rabin lokacin a zaɓen wuri yake tafiya. Ana son wurin da hannu zai kai ba tare da an kwanta ƙasa ba, nesa da salansa da duk abin da ke zafi, ba ƙasa sosai ba inda ruwa da tsakuwa ke duka. Ana kuma son fuskar mahaɗin ta dubi inda wayar za ta ja in mota ta motsa, don ta saki cikin sauƙi. A Porsche 911, tun da batir na gaba, akan zaɓi cikin ragar iska ta bamba ta gaba ko gefen allon lamba. Kafin a huda, dole a leƙa bayan wurin da fitila, domin a motar nan lagireto na ɓoye a kusurwoyin bamba ta gaba, ga kuma wayoyin fitilu. Ramin MagCode milimita 28 ne. A roba ake huda shi, ko a kafa ɗan ƙarfe na dabam a ɗora mahaɗin a kai. Ba a huda gangar jikin mota, domin nan tsatsa ke samun ƙofa, darajar motar kuma ta faɗi ran sayarwa.

Sai batun waya. Ana amfani da ta jan ƙarfe mai kaurin milimita 2,5 murabba'i, ja da baƙa, a sa su cikin bututun roba. Duk inda za su ratsa ƙarfe a sa zoben roba, a kuma ɗaure su tazara kaɗan-kaɗan, don kada girgizar hanya ta sa ƙarfe ya riƙa gugar su har ya ci rigarsu.

Kafin a taɓa batir, a kashe mota, a zare makulli, a cire zobe da agogon ƙarfe daga hannu, a nisanta taba da wuta, domin batir na fitar da iskar haidurojin mai kamawa. In za a kwance kawunan batir, ana fara cire mai alamar ragi (–), shi kuma ake mayarwa daga ƙarshe. Dalili shi ne jikin mota duka a haɗe yake da wannan kai. In yana nan ka sa sifana a kan mai alamar tarawa (+), ta kuskure ta taɓa ƙarfe, to ka haɗa wuta da hannunka. A 911 kuma kada a rufe murfin akwati alhali batir na kwance, saboda abin da munka faɗa a baya. A sani kuma wasu motoci na manta saitin tagogi da na rediyo in an yanke musu wuta, sai an sake koya musu.

Jar waya za ta tafi kan (+), kuma a nan ne duk nauyin aikin yake: sai an sa mata fizibil, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke ce wa fiyus, mai amper 10 ko 15, kusa da batir ƙwarai, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Mutane da yawa sukan ce ai cajar amper 5 ce kawai, me za ta ƙona? Ba cajar ake tsoro ba, batirin ake tsoro. Batirin da ke juya inji yana iya zubo ɗaruruwan amper cikin ƙiftawar ido. In rigar jar waya ta goge ta taɓa ƙarfe, babu fizibil, wayar za ta yi ja kamar garwashi tun daga batir har wurin gugar, a cikin gareji, da dare, ba kowa kusa. In kuma anka sa fizibil can nesa kusa da mahaɗi, duk tsawon wayar da ke bayansa ba shi da mai gadi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Baƙar waya kuwa, a tsofaffin motoci ana iya kai ta kan (–) kai tsaye. Amma motoci da yawa na zamani suna da wata ƴar na'ura a kan wannan kai, mai ƙidayar wutar da ta shiga da wadda ta fita. In ka haɗa a kan batir ka tsallake ta, caja na cikawa, mai ƙidaya bai rubuta ba, ƙwaƙwalwar mota ta ci gaba da zaton rumbu wayam yake. Sai a ɗaure baƙar waya a jikin ƙarfen mota, inda makanikai ke kira mas, a wuri mai tsabta da ba fenti.

In an gama, ba a haɗa caja sai an gwada. A manna bakin wayar, a ɗora ma'aunin wuta a ƙarshenta, a ga bolt 12 da ɗoriya, a tabbata (+) na inda ya kamata. Sa'an nan a haɗa caja a ga ta soma aiki, a kuma ja wayar da hannu a ga ta saki ba gardama.

Gargaɗi biyu sun rage. Wasu motocin tsere sun bar dalma sun koma batirin litiyom saboda rashin nauyinsa. Porsche ta soma ba da shi ga mai so a 2010, a irin su 911 GT3. Shi wannan cajarsa dabam ce, kuma cajar dalma mai tura wuta da ƙarfi don narkar da gishiri tana iya lalata shi. A karanta abin da ke rubuce a jikin batir kafin a sayi caja. Na biyu, mai ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya kada ya kusantar da mayen ƙarfe ga ƙirjinsa.

Mu kuma fa?

Turawa sanyi ke sa su ajiye mota, mu kuwa tafiya ce. Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram ya tafi Kwatano ko Lome jiran kaya, ko Dubai, ko Sin, ya yi makonni. Alhaji ya tafi Makka ya yi wata. Ma'aikaci a Yamai ko Tawa anka tura shi ƙaro ilimi waje, motarsa na ƙarƙashin rumfa. Ga kuma zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, wanda ke sa ɓarawon cikin gida ya ƙara himma. Abin da akan yi shi ne a bar wa yaro makulli ya riƙa tada ta minti biyar kowace safiya. Wannan dabara ba ta biyan bashi, domin tada inji na cin wuta da yawa, kuma altanato ba ya maido ta duka cikin minti biyar mota na tsaye. Wanda ba shi da caja, gara ya cire kan (–) ya tafi; ya kori ɓarawo ɗaya ke nan, saura ɗaya.

Wanda zai dasa mahaɗin a nan sai ya kula da abubuwa uku. Kuran ɗinmu bolt 220 ne, daidai da cajar Turai. Wadda ta biyo mota daga Amurka sau da yawa ta bolt 120 ce, in anka soka ta a bango ba taransifoma za ta ƙone. Na biyu, a nemi cajar da ke komawa aikinta da kanta in wuta ta ɗauke ta dawo, in kuwa gidan ba kuran, ƙaramin faifan hasken rana mai na'urar daidaita caji zai yi aikin. Na uku, mayen ƙarfe ba ya zaɓen abin da yake jawowa: garin ƙarfe na gareji yakan manne masa, ƙurar hunturu ta rufe fuskarsa. A sa masa murfinsa in ba a aiki da shi, a goge shi da busasshen ƙyalle kafin a haɗa.

Akwai kuma motocin da ajiya ita ce aikinsu, kuma su ne sunka fi ba ni tunani. A Jamus ba masu Porsche kaɗai ke amfani da wannan mahaɗi ba, ana sa shi a motocin ƴan kwana-kwana da na agaji, waɗanda ke tsaye suna jiran kira, kuma direbansu ba shi da lokacin tuna waya in kira ya zo. Motar ɗaukar marasa lafiya a asibitin karkara, da injin wuta na ko-ta-kwana a ɗakin haihuwa, da motar ma'aikata da ke jiran kuɗin mai ya fito, duk batirin Planté ne a cikinsu, duk ɓarayin nan biyu na aiki a kansu. In batirin attajiri ya mutu, ya rasa yawon Lahadi. In na motar asibiti ya mutu da tsakar dare, mace mai naƙuda ce ke jiran a taru a tura. Ma'aikacin da ke rubuta takardar sayen sabon batir kowace shekara ya kamata ya tambayi kansa ko ƙaramar caja da fizibil ba su fi wa baitulmali sauƙi ba.

Abin da ya burge ni ga wannan ɗan ƙarfe shi ne waɗanda sunka ƙera shi ba su tsaya yi wa direba wa'azi a kan mantuwa ba. Sun yarda cewa zai manta, sai sunka shirya abin ta yadda mantuwar ba za ta yi ɓarna ba. Amma ba su ɗauke wa mai dasawa nasa nauyin ba: zaɓen wuri, ɗaurin waya, da fizibil kusa da batir. In za ka ba makanike wannan aiki, kada ka biya shi sai ya nuna maka fizibil ɗin da yatsa.